Shaiɗanin da Ke Aiken Ka

A farkon wasan The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar a 2015, jarumin wasan mai suna Geralt yana shiga wata mashaya a ƙauyen White Orchard, yana cigiyar wata mata da ya daɗe yana bin sawunta. Cikin mutanen da ke zaune akwai wani mai askakken kai da tufafin matafiyi marasa ɗaukar ido, ya ce shi ɗan kasuwa ne, madubai yake sayarwa. Ya gaya wa Geralt inda matar ta nufa, ya ɗan yi masa raha, shi ke nan. Mai wasa yana wucewa, kafin awa guda ya manta fuskarsa. Sai a watan Oktoba na wannan shekarar, da kamfanin ya fitar da ƙarin labari mai suna Hearts of Stone, aka gane cewa wannan mai madubai, Gaunter O'Dimm, ya fi kowane dodo na duniyar wasan hatsari. Ba shi da ƙaho, ba shi da fiffike, kuma har labarin ya ƙare babu inda aka yi faɗan takobi da shi.

Mutumin nan yana tsaye ne a tsakiyar wata gardama da masu buga irin waɗannan wasanni da masu ƙera su suka daɗe suna yi. Wasan RPG shi ne wanda kake shiga rigar wani jarumi, ka yi ta yawo a duniyar almara kana ƙara ƙarfi da makamai, mutanen duniyar kuma suna aiken ka: kashe mana dodon da ya tare rijiya, nemo mini ɗana, kai wannan wasiƙa birni. Aike-aiken nan su ke tura wasan gaba, kuma a kansu ake jin ƙorafi na farko, cewa yawancinsu aikin banza ne da aka manna wa labari don a tsawaita awowi, irin kashe kerkeci goma ka kawo fatunsu da World of Warcraft ya shahara da shi tun 2004. Ƙorafi na biyu a kan shaiɗanun wasannin ne: jan fata, ƙaho, wuta, babbar murya, ka ga ɗaya ka ga duka. Ana tattauna ƙorafin biyu kamar ba su san juna ba, na farko a bar wa marubuta, na biyu a bar wa masu zane. Ni a ganina ƙorafi ɗaya ne. Cikin duk maƙiyan da ake zubawa a wasa, shaiɗan ne kaɗai aikinsa na asali shi ne ya sa mutum ya yi wani abu da hannunsa. Kerkeci cizo yake yi, ɗan fashi kuɗi yake so. Shaiɗan kuwa tayi yake kawowa, kuma tayi a cikin wasa aike ne. Wanda ya ƙera shaiɗan bai ƙera aikensa ba, rabin aiki ya yi.

Siffar da kowa ya gaji da ita tana da asali. Ƙaho da kofaton akuya da fiffiken jemage daga zane-zanen majami'un Turai na zamanin da suka fito, wasan tebur na Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 kuma shi ya mayar da su jadawali mai lambobi, wanda wasannin kwamfuta suka gada. A shekarun 1980 iyaye da wasu malaman coci a Amurka suka taso wa wasan, suna zarginsa da koya wa yara bautar Shaiɗan, har bugu na biyu da ya fito a 1989 ya cire waɗannan halittu, daga baya aka dawo da su da wasu ƙirƙirarrun sunaye. Amma wasan ya bar wata rarrabewa da ta fi zanen ƙaho amfani. Ya kasa shaiɗanu gida biyu da ke yaƙar juna har abada: 'yan hargitsi, waɗanda ɓarna kawai suka sani, da 'yan doka, masu muƙamai da takardun yarjejeniya, waɗanda ba sa saɓa alkawari amma suna rubuta shi yadda zai halaka ka. Kusan duk shaiɗanin da ke cikin wasannin yau ɗan ɗaya daga cikin gidajen nan ne, kuma kowane gida da irin aiken da ya dace da shi.

Masu kare siffa da faɗa suna da hujja, kuma hujjarsu mafi ƙarfi ita ce Mahaucin nan na Diablo, wasan da Blizzard ya fitar a farkon 1997. Aikensa bai kai layi biyar ba. Wani mutumin garin Tristram yana kwance jina-jina a ƙofar majami'a, ya ce an yaudare su an kai su ƙasa, wani mahauci ya yanka 'yan uwansa, ka rama musu, sannan ya cika. Ka sauka hawa na biyu a ƙarƙashin ƙasa, ka tarar da wani ɗaki cike da gawarwaki a rataye da soke, ka buɗe ƙofa. Ƙato ne mai tumbi da barandami, yana murnar ganin sabon nama, kuma yana da saurin da sabon ɗan wasa ba ya iya tsere masa. Babu ciniki, babu zaɓi. Amma a duba yadda komai ya haɗu: mutumin da ke mutuwa ya ba ka suna, ɗakin ya nuna maka sana'ar, wuƙar ta tabbatar. Aiken ne ya shirya tsoron tun kafin ka ga fuskar. Da an jefa wannan ƙato cikin tarin dodanni ba tare da mai rauni a ƙofa ba, da babu mai tuna shi bayan shekara ashirin da wani abu.

Akasin haka ya faru a The Elder Scrolls IV: Oblivion na 2006. Ƙofar wuta ta farko da shaiɗanu ke ɓullowa ta cikinta, wadda ta cinye birnin Kvatch, tana da nauyi, domin ka ga 'yan gudun hijira a sansani a gindin tudu kafin ka ga ƙofar. Daga nan sai ƙofofi suka yi ta buɗewa a daji ko'ina, kowace ka shiga jan sama ne da tafkin wuta da hasumiya, ka hau sama ka cire dutsen da ke riƙe da ƙofar, ka fito. 'Yan tsirarun taswirori ake juyawa. Da yawa daga masu wasa kan koyi gudu kai tsaye zuwa saman hasumiyar ba tare da tsayawa faɗa ba, wasu kuma su riƙa kewaye ƙofofin kamar ramin titi. Mamayar da labari ke cewa za ta tashi duniya ta zama abin da ake ratsewa a wuce. Dragon Age: Inquisition na 2014 ya maimaita kusan kuskuren da koren tsagin sama da ke zubo shaiɗanu rukuni-rukuni. An zana su da kyau, amma babu ɗayansu da ke son wani abu daga gare ka.

Dark Souls na kamfanin FromSoftware na Japan, 2011, shi ne ya fi wahalar da ra'ayina, domin ba shi da jerin aike ko kaɗan, kuma shaiɗanunsa ba sa magana. Duk da haka babban maƙiyi (bos) na farko, shaiɗanin gidan kurkuku, aike ne da aka rubuta da gini maimakon kalmomi. Yana faɗo maka alhali guntun karyayyen takobi ne a hannunka. Akwai wata ƙaramar ƙofa a gefe. Wasan yana so ka gane da kanka cewa gudu ba abin kunya ba ne. Ka zagaya, ka samo makami da garkuwa, sai ka tsinci kanka a wani baranda a saman kansa, ka diro masa da sara. Darasin wasan gaba ɗaya yana cikin mintocin nan. An kuma san jagoran wasan, Hidetaka Miyazaki, da mayar wa mai zane aikinsa idan ya dogara da ƙazanta kawai, yana neman a ga baƙin ciki da martaba a jikin halittar. Shaiɗanun wasan ma 'ya'yan kuskure ne, sun fito daga yunƙurin Mayyar Izalith na sake kunna wutar farko da ta ƙi ta. To amma wasan da kansa ya nuna iyakar siffa. Can gaba, a kangon shaiɗanu, sai ka tarar da waɗanda suka kasance bos a farkon wasa an jera su cirko-cirko a fili ɗaya, shi kansa shaiɗanin kurkukun an sake fito da shi sau biyu da ɗan canji. Jiki ɗaya ne, zane ɗaya ne, amma da aka cire ƙofar gefe da barandar, kwarjinin ya tafi.

Gidan 'yan yarjejeniya shi ne inda gardamar ta fi daɗi. Dragon Age: Origins, wanda BioWare na Kanada ya fitar a 2009, ya zo da dabara mai kyau: kowane shaiɗan wani hali ne na ɗan Adam da ya sami jiki, akwai na fushi, na yunwa, na kasala, na sha'awa, na girman kai. Wannan ya ba marubuci hanya, tun da halin shaiɗanin shi zai nuna irin tarkonsa. A garin Redcliffe an sa wa mai garin, Eamon, guba. Ɗansa ƙarami, Connor, wanda ke da baiwar sihiri da uwarsa ta ɓoye don kada a raba ta da shi, ya roƙi wata shaiɗaniyar sha'awa ta hana mahaifinsa mutuwa. Ta cika alkawari, uban bai mutu ba, bai kuma farka ba, ita kuwa ta shige jikin yaron tana tayar da matattu su far wa gari kowane dare. Da ka isa fada sai a ɗora maka zaɓi: ka kashe yaron, ko ka yarda a sadaukar da uwar, Isolde, a yi tsafin jini da ranta don a shiga duniyar mafarki a yaƙi shaiɗaniyar. Idan jaruminka mai sihiri ne kuma shi ya shiga, ita ma za ta yi maka tayi, ta koya maka haramtaccen sihiri in ka bar ta ta ɓuya ta dawo wa yaron daga baya, ba wanda zai sani.

Har nan babu abin zargi. Sai dai akwai hanya ta uku: ka bar fadar, ka yi tafiya zuwa hasumiyar masu sihiri ka nemo taimako, ka dawo. Mutanen wasan suna gargaɗin cewa barin yaron haka hatsari ne, amma ko ka ɗauki awa goma kana wasu aike-aiken, za ka dawo ka tarar da komai yadda ka bari. Babu wanda ya mutu. Da zarar mai wasa ya san wannan, zaɓin biyun farko sun zama na wanda bai yi haƙuri ba ko na mai son mugunta kawai. Shaiɗaniyar da ta hana gari barci ta koma mai jiran ka gama harkokinka. Zanenta ma bai taimaka ba: mace shuɗiya-shuɗiya mai ƙaho, kusan tsirara, alhali abin da yaron nan ya yi sha'awa shi ne ran mahaifinsa. Mai zane ya ji sha'awa ya tafi wuri ɗaya, marubuci yana wani wuri. A Inquisition kamfanin ya gyara wannan da Imshael, wanda ke fitowa a siffar namiji mai fara'a, yana musun cewa shi shaiɗan ne, shi dai mai ba da zaɓi ne.

Skyrim na 2011 ya faɗa ramin da ke ɗaya gefen. A birnin Markarth wani mafaraucin shaiɗanu zai roƙe ka ka raka shi wani gidan da ba kowa. Ƙofa ta kulle, murya ta umarce ku ku kashe juna, ka kashe shi. Daga nan Molag Bal, ubangijin danniya a duniyar wasan, ya aike ka ka yaudaro masa wani limamin abokin gabarsa mai suna Logrolf, ka yi ta dukansa da kulki har ya miƙa wuya, sannan ka ƙarasa shi. Ladanka kulkin. Wurin yana da ban tsoro, kuma ba a ma nuna Molag Bal ba, murya ce da bagadi. Matsalar ita ce ba a rubuta wata hanya ga wanda yake so ya bijire masa ba. Ko ka yi, ko ka kashe Logrolf tun kafin ya isa gidan aiken ya lalace, ko ka bar aiken yana zaune a jerin ayyukanka yana kallon ka. Masu kare wasan suna cewa ai haka danniya take, ba a tambayar ra'ayinka. Na ji, amma tayin da ba a iya ƙi ba jarrabawa ba ce, kuma yawancin waɗanda suka doki Logrolf don su share layi ɗaya daga jeri suka yi, ba don an rinjaye su ba.

Tsakanin waɗannan biyun ne The Witcher 3 ya sami wuri, kuma misalin da na fi so ƙarami ne. A tsibirin Spikeroog, shugaban dangi mai suna Udalryk yana yanka jikinsa, yana cewa alloli ne ke umartarsa. Gaskiyar ita ce wata halitta da ake kira hym ta manne masa tun bayan mutuwar ƙanensa a ruwa, wadda yake ganin laifinsa ne. Abincinta nadama. Siffarta inuwa ce doguwa mai ƙaho da ke bayyana a bango bayan mutumin. Ana iya yaƙarta da takobi, amma akwai wata hanya: a yaudare ta ta bar shi ta koma kan wanda ya yi imani cewa ya aikata babban laifi alhali bai aikata ba. Sharaɗin shi ne wanda za a yi dabarar da shi kada ya san dabarar. Don haka abokiyar aikinka, Cerys, ba ta gaya maka komai. Sai kawai ta shigo da gudu da jaririn Udalryk a hannu, mayaƙa na bin ta, ta miƙa maka, ta ce jefa shi cikin tanda mai ci da wuta. 'Yan daƙiƙu kake da su. In ka jefa, inuwar ta dawo kanka, sannan a nuna maka an zare jaririn ta bayan tandar lafiya lau, halittar ta rasa abin ci ta gushe. Abin lura shi ne, a cikin daƙiƙun nan mai riƙe da na'urar wasa ne cikinsa ke ɗurar ruwa, ba Geralt kaɗai ba. Ba za ka iya raba ƙirar wannan shaiɗan da aikensa ba. Ka cire ɗaya, ɗayan ya rushe.

Hearts of Stone ya ɗauki wannan ya shimfiɗa shi a kan awowi. Ginshiƙinsa tsohuwar almarar Poland ce ta Pan Twardowski, bafaden da ya sayar da ransa bisa sharaɗin ba za a karɓa ba sai a Rum, ya ƙi zuwa Rum, sai aka kama shi a wata mashaya mai wannan suna. A wasan, Olgierd von Everec ya ƙulla da O'Dimm cewa ba za a ɗauki ransa ba sai an cika masa buƙatu uku, kuma sai sun tsaya tare a kan wata. Geralt, wanda O'Dimm ya cece shi daga jirgin da ke kai shi ga hukuncin kisa ya kuma yi masa tambari a fuska, shi ne ɗan aiken da zai cika buƙatun. Olgierd ya zaɓe su ne don su gagara: a ba ɗan uwansa da ya riga ya mutu daren shagali, a kawo masa gidan wani attajiri, a kawo furen da ya ba matarsa shekaru da suka wuce. Kowace buƙata ta zama babi mai launinsa, biki da fatalwa a jikinka, fashin taska, sannan yawo cikin zanen wata mata da baƙin ciki ya kashe. Babu ɗaya da za a kira ƙaramin aike, domin duk wanda ka kammala ka matso da wuyan mutum kusa da igiya, kuma kana ƙara sanin mutumin kana yi. Ƙarfin O'Dimm sau ɗaya aka nuna shi tsirara: wani mashayi ya katse masa magana, ya tsayar da lokaci, ya gama zancensa da Geralt, ya soka wa mutumin cokali a ido, ya saki lokaci. A ƙarshe watan da aka yi sharaɗi da shi zane ne a daɓen wani tsohon wurin bauta. Hanyar ceton Olgierd kuwa tana wurin wani makahon farfesa a Oxenfurt da ke zaune cikin da'irar kariya saboda tsoro, kuma zuwa wurinsa ba dole ba ne. Wanda ya je zai iya sa nasa ran a caca, a ba shi kacici-kacici da ƙayyadadden lokaci. Wanda ya ja bakinsa ya yi shiru, O'Dimm zai ba shi lada ya zaɓa. An bar ƙofar bijirewa a buɗe, amma an sa mata farashi.

Japanawa sun bi wata hanya tun kafin wannan. Jerin Megami Tensei na kamfanin Atlus, wanda ya fara a 1987, ya sa ciniki a cikin faɗan kansa. Kana tsakiyar artabu za ka iya tsayawa ka yi wa shaiɗan magana. Zai tambaye ka ra'ayinka a kan wani abu, ya nemi kuɗi, ya nemi ka ba shi daga cikin ranka, ya ƙara nema, sannan ko ya bi ka ko ya kwashe abin da ka bayar ya gudu yana dariya. A wasu daga cikin wasannin, idan wata ya cika ba sa sauraron kowa. Mai zanensu na tsawon shekaru, Kazuma Kaneko, ya ɗebo su daga almarun duniya daban-daban, kuma ya guji jan fata da ƙaho a matsayin riga ɗaya ga kowa. Abin da wannan tsari ya samu, wanda wasannin Yamma suka rasa, shi ne rashin tabbas. Amsar da ta yi aiki jiya ba lallai ta yi yau ba, don haka ba ka taɓa jin ka gama sanin su.

A nan akwai abin da mai karatu Bahaushe zai lura da shi kafin Bature ko Bajapane. Ifiritu yana cikin jerin Final Fantasy tun 1990, dabba mai ƙaho da ake kira ta watsa wuta ta koma. Wanda ya yi karatun allo ya san ifiritun da ya zo a Suratun Namli magana ya yi, ya yi tayin ɗauko gadon sarautar Bilkisu kafin Annabi Sulaimanu ya tashi daga mazauninsa. Wato a inda sunan ya fi shahara, halitta ce mai hankali da ke neman a aike ta. Wasan ya ɗauki sunan da wutar, ya bar hankalin. Haka ake yi wa aljanu gaba ɗaya a wannan sana'a: a tura su gidan 'yan hargitsi, ko a kulle su cikin fitila, alhali a wurinmu al'umma ce mai nagari da mugu. Abubakar Imam ma, da ya kai Alhaji Imam ƙasar aljanu neman ruwan Bagaja, bai mayar da su dabbobin yanka ba.

Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian na Beljiyam, 2023, shi ne gwaji mafi girma na kwanan nan, kuma ya fahimci cewa makamin ɗan yarjejeniya lauyanci ne. Wyll, ɗaya daga abokan tafiyarka, ya ƙulla da wata shaiɗaniya mai suna Mizora cewa mugaye kawai zai farauta, ciki har da marasa zuciya. Sai ta aike shi ya kashe Karlach, baiwar Allah da ta tsero daga bauta, wadda aka cire mata zuciya aka sa mata inji. Takarda ba ta yi ƙarya ba. In ya ƙi, Mizora za ta hukunta shi, ƙahoni su tsiro masa, ya ƙarasa wasan da su. Wannan ne wuri ɗaya da na san ƙaho ya yi aikin kirki, domin sakamakon zaɓi ne da kake gani a fuskar abokinka kullum. Akwai kuma Yurgir, ƙaton mayaƙi da wani shaiɗan mai suna Raphael ya ɗaure da sharaɗin sai ya kashe wasu dakaru har na ƙarshensu, na ƙarshen kuwa ya rikiɗe ya zama garken ɓeraye yana yawo a gabansa shekara da shekaru. Shi Raphael tun farkon wasa yake bibiyar ka da ladabi da liyafa, yana jiran ranar da za ka rasa mafita. In ka sa hannu a takardarsa, kana iya kutsawa gidansa ka sato ta. Faɗansa na ƙarshe, mai ma'aunin rai 666, wanda shi da kansa yake rera waƙarsa, ya yi armashi ne saboda awowin da ya yi yana maka murmushi.

Me ya sa irin wannan bai yawaita ba? Kuɗi ne da farko. Ƙofar wuta ɗaya ana iya kwafa ta sau hamsin. Shaiɗan mai tayi kuwa yana bukatar a rubuta abin da zai faru in ka karɓa da in ka ƙi, a ɗauki muryoyi, a motsa fuskoki, a gwada kowane reshe, alhali mai wasa ɗaya rabin aikin kawai zai gani. Na biyu tsoro ne. Kamfanoni ba sa son mai saye ya ji an rufe masa wani ɓangare na abin da ya biya, shi ya sa suke barin ƙofar baya irin ta Connor. Larian ma bai tsira ba. Can ƙarshe Mizora tana sa Wyll ya zaɓa tsakanin 'yancinsa da ran mahaifinsa, an shirya wurin kamar babu dawowa, amma in ya zaɓi 'yanci kana iya zuwa kurkukun ƙarƙashin teku ka ceto uban duk da haka.

Na uku kuma babu marubucin da zai iya maganinsa shi kaɗai, wato ajiye wasa. Duk tayin shaiɗan yana rayuwa ne a kan cewa in ka sa hannu ka sa. Mai wasa kuwa yana ajiyewa kafin ya amsa, ya karɓa ya ga abin da zai biyo, in bai yi masa ba ya koma baya ya ƙi. Wanda ke iya mayar da lokaci baya ya fi kowane Raphael wayo. Dark Souls ya toshe wannan da ajiyewa da kansa a kowane motsi, ba ka da damar janyewa. Larian ya ƙara wani salon wasa a ƙarshen 2023 mai wurin ajiya ɗaya tak, inda abin da ka zaɓa ya zauna. Sai dai salon na masu neman wahala ne, waɗanda galibinsu sun riga sun gama wasan sau ɗaya ko biyu, sun san wace takarda ake iya satowa da wane uba ake iya cetowa. Sabon shiga, wanda shi ne tayin zai iya ruɗa da gaske, shi ne kuma ke wasa da maɓallin komawa baya a ƙarƙashin yatsansa.